The Villages ta Florida: yaya ake zuwa dubawa, kuma wace unguwa ake zaɓa?

Baban Khadija: Assalamu alaikum. 'Yan uwa mazauna Amurka, ina neman shawara a kan The Villages, garin nan na masu ritaya da ke tsakiyar jihar Florida. Mata da miji ne sun kusa ajiye aiki, sanyin arewa ya ishe su, suna so su je su gani da idonsu kafin su yanke shawara. Kwana nawa ya kamata a yi, a wane wata, kuma wace unguwa za a fi mayar da hankali a kai? Waɗanda suka san wurin su taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara gane girman wurin, don nan ne baƙi ke yin kuskure. Ba rukunin gidaje ba ne da za ka zagaye da yamma ɗaya. Ya ratsa gundumomi uku, Sumter da Lake da Marion, mazaunansa sun haura 100,000, kuma har gobe ana ta gini ana nausawa kudu. Asalinsa wani fili ne na gidajen da ake haɗawa a masana'anta a jawo su, mai suna Orange Blossom Gardens, na Harold Schwartz. Ɗansa Gary Morse ya karɓi ragamar a 1983, aka sa wa wurin sunan da ake kiransa yanzu a 1992.

Mutanen wurin ba sa cewa gabas ko yamma, da tituna suke kwatance. Akwai 466, sai 466A, sai 44, duk sun yanka garin a kwance. Abin da ke arewa da 466 shi ne tsohon gari, dandalinsa Spanish Springs na 1994. Tsakanin 466 da 466A gidajen shekarun 2000 ne, kusa da dandalin Lake Sumter Landing na 2004. Daga 466A zuwa 44 an gina su bayan nan, dandalinsu Brownwood na 2012. Kudu da 44 kuwa sabon gari ne, ya fara da unguwar Fenney wajen 2017. Duk gidan da aka nuna maka, fara tambaya: tsakanin waɗanne tituna yake? Amsar za ta gaya maka shekarun rufinsa, da bashin da ke kansa, da nisansa da asibiti.

Hajiya Maman Sadiq: Kamfanin da ke gina garin yana da tsarin saukar baƙi. Za a ba ku gida da kayan ɗaki, da motar golf, wato ƙaramar motar da mazauna ke yawo da ita a cikin garin, da kekuna, ku yi kwana 4 zuwa 7, kuɗin kowane dare ya danganta da lokacin shekara. Za kuma a haɗa ku da dillalinsu. Tsarin yana da kyau, amma ku sani mai kaya ne yake nuna muku kayansa. Galibi kusa da inda ake sayar da sababbin gidaje za a sauke ku, kuma can za a fi kai ku. Ku ware aƙalla kwana biyu ba tare da dillali ba, ku tuƙa kanku zuwa arewa.

Ɗan Zongo: Kwana 7 ba ya isar a sayi gida. A yi wannan ziyarar, sannan a kama haya na wata guda sau biyu: ɗaya a Fabrairu, ɗaya a Agusta. Daga Janairu zuwa Maris masu gudun sanyi daga arewa da Kanada suna cika garin, shataletale ya cushe, gidan abinci sai an jira, ganin likita sai an daɗe. Agusta kuma zafi ne mai danshi, ba irin busasshen zafin da muka saba ba, ga hadari da tsawa kusan kullum bayan azahar. Wanda ya ga wurin a Nuwamba kaɗai bai ga komai ba.

Injiniya: Haka ne. Kuma in an je, a yi wannan gwajin da agogo a hannu. Tsaya a ƙofar gidan da ya kwanta maka, ka hau motar golf, ka auna minti nawa zuwa kantin cefane, minti nawa zuwa likita, minti nawa zuwa wurin wanka ko wasan da za ka riƙa zuwa. Motar golf a doka ba ta wuce mil 20 a awa, wato kimanin kilomita 32. Daga Spanish Springs zuwa Brownwood sai ka ci minti 45 ko fiye, daga can zuwa sababbin unguwannin kudu kuma wata tafiyar ce, sai an hau gadoji a tsallake 44 da babban titin Turnpike. A taswira abu zai yi kamar kusa, amma hanyar motar golf ba ita ce hanyar mota ba, tana kewaye ta bi ta ƙarƙashin titi. Ka maimaita gwajin da daddare, domin idon mai shekara 70 ba ya ganin kwanar ramin ƙarƙashin titi yadda yake gani da rana.

Abin da ke sa in nace a nan: ranar da likita ya ce a daina tuƙa mota, unguwar da ka zaɓa ita ce za ta nuna ko za ka ci gaba da fita ko za ka zauna a gida.

Baban Khadija: Na gode. To batun kuɗi fa? An ce kusan dala 200 ne a wata.

Malam Akanta: Wannan dala 200 ɗin gaskiya ne, amma ɗaya ne daga cikin abubuwa da yawa. Shi ne kuɗin wata na wuraren shaƙatawa: wuraren wanka, zaurukan taro, ƙananan filayen golf. Yana hawa kowace shekara gwargwadon tsadar rayuwa, ko ka taka wurin ko ba ka taka ba.

Babban abin da baƙo ba ya gani shi ne bashin unguwa. Dokar Florida ta 1980 ta ba masu gina gari damar kafa ƙaramar hukuma, a takardu za ka ga an rubuta CDD, ta ci bashi ta shimfiɗa titi da magudanar ruwa da bututu, sannan a raba bashin a kan kowane fili. Ba ya cikin farashin gidan da aka faɗa maka. Yana zuwa ne a takardar harajin shekara, a biya shi cikin shekara 30 da kuɗin ruwa. A sababbin unguwanni yakan kai dubun dubatar daloli. Ga misali don a gane lissafin: in bashin dala 40,000 ne a kan ruwa kashi 5, za a riƙa biyan kimanin 2,600 a shekara, jimilla wajen 78,000. A tsofaffin unguwanni kuwa sau da yawa an biya shi ko saura kaɗan, kuma tsohon ɓangaren da ke cikin garin Lady Lake ba shi da shi sam. Don haka gida biyu masu farashi ɗaya, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, ba kuɗinsu ɗaya ba.

Bayan shi akwai kuɗin kula da unguwa na shekara, wannan ba ya ƙarewa ko an gama biyan bashin. Sai kuɗin 'yan kwana-kwana. Sai harajin gida, wanda ya bambanta da gunduma, kuma in gidan ya faɗa cikin iyakar wani gari kamar Wildwood ko Fruitland Park ko Leesburg ko Lady Lake, akwai harajin garin a kai. Yawancin kudu da 44 a cikin Wildwood yake. Kada kuma a ɗauka harajin Sumter ba ya motsi, a 2019 an ɗaga shi da kashi 25.

Hajiya Maman Sadiq: Malam, wannan bashin mai ruwa, ana iya biyansa gaba ɗaya a huta? Da yawa daga cikinmu ba za su so su kwana da riba a kansu ba.

Malam Akanta: Ana iya, Hajiya. Ofishin hukumar unguwar zai ba ku adadin da ya rage, ku biya a rufe. Abin lura kawai, wanda ya biya sannan ya sayar da gidan bayan shekara uku, da wuya ya mayar da kuɗinsa duka, domin masu saye farashin da aka rubuta suke kwatantawa, ba kowa ke lissafa bashin ba.

Ɗan Zongo: Ni a nan ban yarda a tsaya ana auna riba da asara ba. Wanda damuwarsa riba ce, hanyarsa a fili take: ya nemi gidan da aka riga aka biya bashinsa, akwai su da yawa arewa da 466A. Ya huta da ruwa, ya huta da tunanin mayar da kuɗi.

Injiniya: Ba a banza ake samun wannan sauƙin ba, Ɗan Zongo. Irin waɗannan gidaje na arewa da 466A da yawansu sun kai shekara 20 ko kusa, kuma a Florida shekarun rufi su ne ke yanke maka kuɗin inshora. Dokar 2022 ta hana kamfani ƙin karɓarka saboda rufi kawai in bai kai shekara 15 ba. In ya wuce, sai mai duba gida ya shaida cewa zai ƙara shekara 5. Rufin nan nasu na fale-falen kwalta rana tana cinye shi da wuri. Na'urar sanyaya gida ita ma daga shekara 12 zuwa 15 ta fara neman canji, haka hitar ruwa. To ka haɗa waɗannan uku, ka ga sun kusa cinye abin da ka ce ka tsira da shi.

Kafin a sa hannu a kan tsohon gida, a kira mai duba gida ya yi bincike biyu. Na farko na abubuwa huɗu da masu inshora ke nema: rufi, wayarin, famfo, na'urar sanyi. Na biyu na juriyar iska, inda zai hau silin ya ga yadda aka ɗaure katakon rufi da bango. Wannan na biyun yana rage kuɗin inshora sosai. A kuma duba shekarar gini, domin dokar gini ta jihar gaba ɗaya ta fara aiki a 2002, gidan da aka yi bayanta ya fi samun rangwame. A sa a duba gara, musamman in ginin na katako ne ba na bulo ba. Gidajen masana'anta na tsohon gari su ne mafi araha, amma inshorarsu ta fi wuya, kuma su ake fara cewa a fice in mahaukaciyar guguwa ta doso.

Ɗan Zongo: Duk da haka na fi son arewa. Itatuwa sun girma, akwai inuwa, kantuna sun cika titin 27/441, babban asibitin yana nan kusa da Spanish Springs. A kudu sai ka tarar an gama gida ba a gama kanti ba.

Hajiya Maman Sadiq: Amma akwai abin da kudu ta fi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A sabuwar unguwa kowa baƙo ne, duk a shekara ɗaya aka tare, shekarun haihuwa sun yi kusa, kowa na neman abokin hira. A tsohuwar unguwa za ka shiga cikin mutanen da suka shekara 20 tare, da yawa sun haura 80, ƙofarsu a rufe saboda jiki. Mai shekara 60 da ya tare a can zai iya shan kaɗaici. Ku je rumfar akwatunan wasiƙa na unguwar da yamma, domin ba a kai wasiƙa ƙofar gida, kowa can yake zuwa. Ku zauna rabin awa, ku ga su waye, ku yi musu magana.

Nas Rabi: Ina so in ja hankalin Baba ga abin da ya fi duk wannan nauyi a wurinmu. Wurin na masu shekara 55 ne zuwa sama. Dokar tarayya ta 1995 ta ce aƙalla kashi 80 na gidajen su kasance da mutum ɗaya da ya kai 55, don haka in uwargida ba ta kai ba babu matsala. Amma wanda bai kai shekara 19 ba ba ya zama, ziyara kawai, kuma ba ta wuce kwana 30 a shekara. Mu da ake kawo mana jika riƙo, ko 'ya ta dawo gida wankan jego da jariri da yayyensa, wannan doka za ta taɓa mu kai tsaye. Maƙwabta kuma suna kai ƙara. Akwai 'yan unguwannin iyali a gefe, kamar Middleton, amma mazaunansu ba sa cikin tsarin wuraren shaƙatawa na masu ritaya.

Na biyu, kada sunan ya ruɗe mu. Ba gidan kula da tsofaffi ba ne. Babu mai zuwa ya ba ka magani ko ya yi maka wanka. In jiki ya kai ga haka, akwai gidajen jinya a kewaye, kuɗinsu daban, kuma Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ba ta biyan zaman jinya na dogon lokaci. In ɗaya ya kwanta, ɗayan ne zai yi ɗawainiya shi kaɗai, 'ya'ya suna wata jiha. A yi wannan maganar da yara tun kafin a sayi tikiti.

A kan asibiti: a kira ofisoshin likitoci tun ana ziyarar, a tambaya ko suna karɓar sababbin marasa lafiya, kuma wace irin Medicare suke karɓa, domin wasu sai tsarin Advantage, wanda kamfanonin inshora masu zaman kansu ke gudanarwa, shi ma na wasu kamfanoni kawai. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda ya auna nisan gidan da babban asibiti na Spanish Springs ko na Leesburg, ba da ƙaramin ɗakin gaggawa ba.

Baban Khadija: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Maganar jikokin nan babba ce. Masallaci fa?

Malam Akanta: Sai an fita da mota, Alhaji. Ocala tana arewa kimanin mil 20, akwai masallaci. Clermont tana kudu maso gabas, can ma akwai. Manyan masallatai da kantunan naman halal sun fi yawa a Orlando, tafiyar awa guda ko fiye. Wannan ma yana shiga zaɓin unguwa: mai bin Juma'a a Ocala ya zauna ta arewa, ɓangaren Marion, mai son Clermont da Orlando ya zauna kudu kusa da mashigar Turnpike. A lissafa da tarawih, dare 30 ana tuƙi a duhu. A je Juma'a ɗaya a lokacin ziyarar, a tambayi liman yadda suke yi da jana'iza da maƙabarta.

Sannan a faɗi gaskiya: fiye da kashi 90 na mazauna farare ne, wuri ne da 'yan jam'iyyar Republican suka yi rinjaye, kuma nishaɗin dandali kiɗa ne da rawa da giya kowane dare daga ƙarfe 5 zuwa 9. Wanda ba golf ba, ba rawa ba, ya duba jerin ƙungiyoyinsu, sun kai dubbai, ya ga ko akwai uku da zai shiga da gaske. In babu, zai riƙa biyan kuɗin wata a kan abin da ba ya mora. Akwai wasu garuruwan masu ritaya: Solivita da ke kusa da Kissimmee ta fi cakuɗuwar jinsi, On Top of the World kuma a cikin Ocala take. A leƙa su a tafiya ɗaya.

Injiniya: In koma kan filin kansa, domin a unguwa ɗaya ma gida ya fi gida. Barandar baya ita ce falonsu, a nan ake wuni. In ta kalli yamma, daga la'asar ba ta zaunuwa rabin shekara. Wadda ta kalli gabas ko arewa ta fi. A duba tazarar ta da barandar maƙwabcin baya, wasu har hirar juna ake ji. Yawancin gidaje ba a yarda a yi musu katanga ba. Mai son sutura saboda iyali ya nemi irin da ake ginawa da katangarsu tun asali, su ne kusan tsakar gida irin tamu. Duk wani canji a waje, ko fenti ko ƙarin ɗaki, sai an nemi izinin kwamiti.

A je filin da ƙarfe 6 na safe da kuma 10 na dare, a kashe mota a saurara. A kudu ƙarar Turnpike tana tafiya da nisa in iska ta juyo. Ta yamma kusa da titin 301 akwai layin dogo na jiragen kaya. Can ƙasa ta wajen 470 akwai kurkukun tarayya na Coleman da wuraren fasa dutse. Gidan da ke jingine da filin wasa ko wurin wanka shi ma da hayaniyarsa tun da sassafe. Fili mai kallon tafki ana ƙara masa kuɗi mai yawa, amma tafkunan na tara ruwan sama ne, da rani sukan ja baya, kuma akwai kada a ciki, ba a barin jika ko dabba a bakinsu.

Sai burmawar ƙasa. Ƙarƙashin yankin dutsen farar ƙasa ne, ruwa na cinsa ya bar kogo. A Fabrairun 2018 ƙasa ta burma a unguwar Calumet Grove har aka kwashe mutane daga gidaje. Inshorar da doka ta wajabta tana biya ne kawai in ramin ya bayyana a fili, ginin ya lalace, hukuma ta ce a fita. Tsagewar bango a hankali ba ta ciki, sai an sayi ƙari, kuma a wannan ƙarin mai gida ne yakan fara biyan kashi 10 na darajar ginin daga aljihunsa. A nemi farashin inshora a rubuce kafin wa'adin fasa ciniki ya wuce.

Ɗan Zongo: Dillali biyu ake riƙewa, a sani. Sababbin gidaje dillalan kamfanin kaɗai ke sayarwa, kuma ba a tayawa. Tsofaffi kuwa sun kasu biyu: wasu a jerin kamfanin, wasu a jerin dillalan waje, kuma wannan ba ya nuna na wancan. Mai dillali ɗaya rabin kasuwa ya gani.

Malam Akanta: Kuma kada a dogara da harajin da mai sayarwa yake biya. Mazaunin dindindin yana samun rangwamen kimanin dala 50,000 a kan ƙimar gidansa, kuma ba a ɗaga masa ƙimar fiye da kashi 3 a shekara. Da zarar an sayar, sai a sake ƙimar daga farashin yau, harajin ya yi tsalle a shekara ta biyu. Sabon mai gida sai ya kasance a ciki ranar 1 ga Janairu, ya nemi nasa rangwamen kafin 1 ga Maris.

Ga masu karantawa daga gida kuma: sayen gida a Amurka ba ya ba da izinin zama. Mai bizar ziyara bai samun wannan rangwamen, bai samun Medicare, kuma in ya tashi sayarwa ana riƙe kashi 15 na kuɗin har sai ya daidaita da hukumar haraji.

Hajiya Maman Sadiq: Masu niyyar raba shekara, rabi a can rabi a gida, su ma da nasu. Ba a kulle gida a Florida a kashe komai a tafi, in an dawo fumfuna ta cinye bango da tufafi. Ana barin na'urar sanyi a kunne wajen digiri 26, a rufe babban famfon shiga gida, a ɗauki mai leƙawa duk mako, a bar mai yankan ciyawa yana zuwa, in ba haka ba takardar gargaɗi ta riga ku isowa. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne, a shigar da kujerun baranda ciki. Ga masu wannan tsarin ƙaramin gida mai ɗan fili ya fi.

Nas Rabi: Medicare ba ta bin mutum Kano ko Kumasi, a tanadi maganin watannin. Mai katin zama na dindindin a Amurka, wato green card, kuma kada ya wuce wata 6 a waje ba tare da shawarar lauya ba.

Baban Khadija: Madalla. Za a fara da ziyarar kamfanin, sannan haya. Yaya ake kama hayar?

Ɗan Zongo: Ta Janairu zuwa Maris ana kamawa tun kusan shekara guda kafin lokaci, kuma masu gida da yawa ba sa ba da wata ɗaya a lokacin, sai uku a haɗe. Ta Agusta tana da sauƙin samu, ga araha. Abu biyu a rubuta su cikin yarjejeniya. Ɗaya, akwai motar golf, kuma inshorar wa ke kanta. Biyu, mai gidan zai mayar muku da katinsa na mazauni na tsawon zaman. In katin baƙo aka ba ku, akwai wuraren wanka na motsa jiki da ƙungiyoyi da yawa da ba za a bar ku ku shiga ba. Ku kama ta Fabrairu a arewa, ta Agusta a kudu da 44.